Ki Ci, Ni Ya Ƙoshi

Mun sha wahala shekarar fari, ba kaɗan ba. Babana mutumin Kudu ne, tsohon soja, yana sayar da manja a kasuwar Zakirai. Hausarsa ta bariki ce, ba ya raba mace da namiji. Yara suna kwaikwayonsa, ni kuma ina kunyar bin sa kasuwa.

Wata la'asar ya turo mini ragowar tuwo, ya ce, "Ki ci, ni ya ƙoshi."

Na ce, "Baba, 'ka ci' ake cewa."

Inna ta harare ni. "Tun jiya bai ci komai ba, kai kana gyara masa Hausa?"

Na dai cinye.

Da safe na ɗauki garwar manjan, na bi bayansa.