Rigar da Ke Warin Man Jirgi

Ranar Asabar ɗin, ƙarfe bakwai Anas ya zuba wa ƙaramin jirginsa mai, ya ɓata rigarsa, ya canza wata. Ƙarfe tara yana fili tare da babansa, yana koyon juya jirgin a sama da rimot. Da azahar mota ta kaɗe Anas a hanyar gida, ya rasu.

Bayan sadakar arba'in mahaifiyarsa Wasila ta koma gidan iyayenta a Ƙofar Marke. Yau mijinta Abdulshakur ya zo biko, ya tsaya a zaure.

"Ki dawo gida, Maman Anas."

"In dawo in iske mi?" Ba ta ɗaga murya ba. "Ka rabar da tufafinsa sadaka ba ka tambaye ni ba, har rigar nan mai warin mai da nake kwana da ita. Amma jirgin ka ajiye."

Abdulshakur ya ce, "Anas bai iya saukar da shi ba tukuna. Kullum ni ke karɓar rimot in saukar mishi. Na kasa bayarwa."

Ta ga yadda ya rame, haushinta ya ƙaru, don ba ta shirya tausaya masa ba.

"Ka riƙe naka, ka kyautar da nawa. Kawo min jirgin ka tahi. Ran da na iya kallonsa, ƙila in iya kallonka."

Kafin magariba ya kawo shi, da rimot da ragowar mai. Ta karɓa da hannunta, ba ta ce ya shigo ba.