Reshe Babu Ganye

Iyaye sun fara shigowa bikin ranar karatu, malama kuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye. Bishiyar takarda da ta liƙa a bangon aji ta yi lif-lif, domin duk wanda ya gama littafi ana manna masa koren ganye a reshensa. Reshe ɗaya ne fayau babu ganye, na yarinyar da ta fi kowa iya karatu.

Malama ta yanko ganye, ta shafa masa gam, ta jawo yarinyar gefe.

"Tun yaushe kike fama da littafi ɗaya? Saura shafi nawa?"

"Na ƙarshe ne kawai, Malama."

"To karanta shi maza, kafin babanki ya shigo."

Yarinyar ta ƙanƙame littafin a ƙirji. "Maman da ke ciki tana kwance a asibiti, kamar Ummana. In ban buɗe ba, ai tana nan da ranta, ko?"

Malama ta san ƙarshen labarin, ita ce ma ta zaɓa mata shi. Ta dunƙule ganyen, gam na manne mata yatsu.

"Tana nan," ta ce. "Bar shi a rufe."