An Nemi Baba Nomau a Karantina

Shekarun Baba Nomau saba'in da takwas, kuma shi kaɗai yake yini a gida, don 'yarsa Zubaidatu tana ɗinki a wani shago a unguwar Sharafiyya, cikin birnin Jidda. Tun suna unguwar Karantina ta sa aka kafa masa na'urar neman agaji: ɗan akwati a bango, da maɓallin da yake rataya a wuya. In ya danna, ma'aikatan kamfanin na'urar za su yi masa magana ta akwatin. In bai amsa ba, su tura masu ceto zuwa gidan da ke rubuce a wurinsu, sannan su kira iyali.

Baba yana son abin nan. Yakan shafa shi ya ce, "Wannan Zubaidatu ce ta biyu, sai dai ita ba ta yi mini faɗa a kan sukari."

Da aka rushe Karantina suka koma unguwar Sa'alaba, Zubaidatu ta ciro akwatin ta kafa a sabon gida da hannunta. Sau biyu kamfanin ya aiko saƙo a tabbatar da adireshi. Ta ce, "Halas, shi ke nan, gobe zan kira su." Ɗinki ya sha kanta, ta manta.

Wata Alhamis da hantsi hadari ya rufe Jidda. Iska ta taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, wuta ta ɗauke. Baba ya fita tsakar gida ya buɗe magudana, santsi ya kwashe shi, ƙugunsa ya karye. Ya lalubo maɓallin ya danna.

Akwatin ya koma kan batir, saƙo ya isa. Razan, ma'aikaciyar da ke bakin aiki, tana fama da kira ɗaruruwa, amma ganin tsoho ne mai zama shi kaɗai, ta sa nasa a gaba. Ta yi ta kiran "Ya ammi! Ya ammi!", wato baffa da Larabci, ta akwatin. Baba yana jiyo ta daga ɗaki, ƙarar ruwa ta danne muryarsa. Nan take ta tura masu ceto, suka kutsa cikin ambaliya har Karantina, suka tarar da fili fetal.

Layukan waya sun cushe, sai bayan awa guda Razan ta samu Zubaidatu.

"Ina gidanku yake? Mutanenmu na Karantina, babu gini ko ɗaya!"

Zubaidatu ta saki almakashi. "Sa'alaba! Wallahi Sa'alaba muke!"

Kafin a iso, Baba ya shafe awa biyu kwance cikin ruwa mai sanyi. An ceto ransa, amma ciwon huhu ya haɗu da karayar, bai ƙara taka ƙasa ba.

A asibiti Zubaidatu ta kifa kanta a gefen gadonsa tana kuka. "Ni na ja maka, Baba. Kira ɗaya ne kawai."

Ya ɗora hannu a kanta. "Ya binti, 'yata, wa ya saya mini abin tun farko? Share hawayenki. Yalla, maza ɗago ni in sha shayi."

Jama'a, na'ura ba ta san kun tashi daga gida ba sai kun faɗa. Duk wanda ya sauya gida ko lambar waya, ya sanar da masu kula da tsaron tsofaffinsa a ranar, tun kafin hadari ya haɗo.