Furen albasar Baba

Ina 'yar shekara bakwai na kai wa Baba fura a garkarsa ta albasa, can wajen Malbaza. Ya tafi rijiya jan ruwa, ni kuwa na hango wani fangali a gefe, albasarsa ta yi dogon kara da farin fure. Na shiga na yi ta karya har na cika zanena, ban bar ko ɗaya ba.

"Baba, dubi abin da na samo ma Inna!"

Ya ajiye guga, ya ɗauki fure ɗaya ya murza a tafinsa. Ƙwayar ba ta ko fara baƙi ba.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "albasad da tay yi hure ba a taɓa ta sai ta bushe. Ita ce irin baɗi."

Bai buge ni ba. Da muka koma gida, ya ce wa Inna awaki ne suka shiga. Da shekara ta zagayo babu irin shukawa, sai ya tafi cin rani, ya bar mu wata biyar. Har Inna ta rasu tana tsine wa awakin mutane, ni kuwa ban taɓa iya buɗe baki ba.