Kogin da Ba Kowa a Ciki

Ranar da aka zo wa Tabawa da labarin kwalekwalen mijinta Barau ya kife, ba a ma tsamo gawarsa ba ma'aikaciyar lafiya ta iso da abin kunne. Doka ce yanzu, duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya saurari muryar kwantar da hankali kullum har kwana arba'in.

Tabawa ta saka shi a kunne. Wata murya mai taushi ta ce, "Rufe idonki. Kina zaune a bakin kogi, ruwa na tafiya a hankali."

Ta fizge shi ta yar.

Washegari, duk da takaba, ta taka har asibitin unguwa ta sami ma'aikaciyar.

"'Yar nan, a canja min. Ruwan nan shi ya ci mijina. A ba ni gona ko gindin tsamiya."

"Inna, kogi aka raba wa jiharmu," in ji yarinyar tana murmushi. "Ki daure. Bayan mako biyu za ki riƙa ganin ruwan fes, ba kowa a ciki."

"Wa ya ce miki so nake ya fita?"

"Ni dai in ba a kunna ba, muna gani daga nan."

Tun daga ranar, kullum da hantsi Tabawa takan kunna abin, ta kife shi da ƙwarya, yana ta lallashin ƙasa. Sai ta rufe ido da kanta, ta ga Barau tsaye cikin kwalekwale, yana mitar kununsa ya huce.