Ranar Sunan Hadarin Kuluwa

Kwana bakwai ke nan Inna Kuluwa tana zaune gaban allon na'urar da hukumar yanayi ta kafa mata a ɗaki, tana gadin wani ɗan farin ɗigo. Ɗan hadari ne da ya haɗu a saman Maigatari, ko ƙasa bai jiƙa ba ya yi yamma. Doka ta ce duk hadarin da ya tashi a gari, mutum ɗaya zai sa masa ido har ya mutu, ba waya, ba baƙo. Hadari goma sha ɗaya ta raka a baya, duk sun watse kafin su kai teku. Wannan kuwa kullum ƙiba yake.

Da hantsi Malam Barau, jami'in hukumar, ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Inna, ya kwana bakwai. An raɗa masa sunanki, yadda aka saba."

"Allah ya raya zan ce, ko me? Ina ya nufa?"

Ya faɗi sunan wani tsibiri da ke tsallaken teku. Can ɗanta na fari yake dako a tashar jiragen ruwa, shekara huɗu bai kira ba. Ba ta taɓa kama sunansa gaban mutane ba, yau ma ba ta kama ba.

"An gaya wa mutanen can?"

"Tun asuba ake shela."

Ta koma ta zauna. Yanzu dai ɗan nata ya ji an ce Kuluwa tana tafe, yana can yana buga katako a ƙofarsa don kada ta shigo masa.