Ƙwan Mama a Cikin Lagireto

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ce, in ban yi kuskure ba. Warin dai ina da tabbacinsa.

An yi watanni ƙwai na ɓacewa a gidanmu a Barnawa, Mama kuwa ni ta ɗora wa laifin, har ta hana ni shiga kicin. Wata Asabar da la'asar Baba ya kira maƙwabcinmu Oga Bitrus bakanike ya canza wa ƙaramar motarsa famfon ruwa, wanda ya daɗe yana yoyo. Ni da Mama muna tsaye muna kallo.

Oga Bitrus ya cire fanbel, ya kwance notuna, ya zaro tsohon famfon. Sai ga ruwa mai tsatsa ya zubo da wasu fararen gudaji, wari ya cika gidan.

Ya shinshina, ya dubi Baba. "Alhaji, wannan mota ce ko teburin mai shayi? Ƙwai nawa ka fasa mata?"

Baba ya yi gyaran murya. "Direban ofishinmu ne ya ce ɗanyen ƙwai a lagireto yana toshe yoyo."

Mama ta juya. Ta shiga kicin ta soya ƙwai biyu, ta wuce Baba, ta ajiye a gabana.

Digirina ba na inji ba ne, don haka ba zan yanke wa dabarar hukunci ba. Amma har yau, da bakanike ya buɗe motata ya yamutsa fuska, sai in ce, "Oga, wallahi ba ni ba ce."